Inda Aka Bar Simo

Sojan ruwa buhunan rogo suke kiranmu: a loda mu a jirgi, a sauke mu a laka, a dawo a kwashi abin da ya rage. Mu sojan ƙasa kuma agwagi muke ce musu, don ba su da aiki sai yawo bisa ruwa cikin fararen kaya, in ƙasa ta taɓa musu takalmi su wuni suna goge-goge. Ni Kofur Ondoa na yi shekaru a sansanin nan na bakin teku ina cin tukunya ɗaya da su, kuma har yau in aka ce in zaɓa tsakanin agwagwa da ciwon haƙori, zan ce a miƙo haƙorin.

Dole ce ta haɗa mu. 'Yan fashin teku ba a teku suke zaune ba. Sukan tare jirgin 'yan kasuwa, su kwashe mutane da kaya, su shige rafukan dajin laka inda babban jirgi ba ya iya juyawa. Agwagi suna iya yin ta harba igwa daga nesa har mahadi ya bayyana, iyakarta su firgita tsuntsaye, amma ba wanda ya taɓa cin sansani yana tsaye kan ruwa. Sai wani ya sauka ya taka da ƙafarsa, kuma mu ne wannan wanin. Su kuwa su suka san hanya. A idonmu rafukan nan duk ɗaya ne, itatuwa a tsaye kan saiwoyinsu dama da hagu, a taswirar Laftana ma kore kawai aka shafa wa wurin.

Kowa da dokarsa. Tamu ita ce ba a barin mutum a baya, ko da ransa ko babu. Tasu ita ce in ruwa ya fara janyewa jirgi ba ya jiran kowa, don jirgin da ya zauna a laka ya zama abin ɗaukar saiti har ruwan ya dawo.

Saje Takam ne shugaban rukuninmu, mutumin kan tudu, ɗan ƙabilar Bamileke, gajere mai faɗin ƙirji, wanda magana take yi wa wuya. Ƙanensa Simo, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikinmu. Takam ne ya ɗauko shi daga gonar kofi ya sa shi soja. Simo ya fi kowa amai a jirgi kuma ya fi kowa dariya, yakan ɗago kai daga gefen jirgi da hawaye a ido ya ce shi kifaye yake ciyarwa don su san shi. Ina son mutumin nan, ba na ɓoyewa.

Ranar da dokokin biyu suka yi karo, an kai mu ne mu shiga sansanin 'yan fashi ta gaba. Ashe suna jiranmu. Ƙofar gaban jirgi na sauka suka buɗe mana wuta, mu kuma ga mu cikin laka har cinya, ba gudu ba kwanciya. Laftana ya ce a koma. Simo ne ya tsaya baya yana tare mana da bindiga. Takam ya shigo jirgi da wani mai rauni a kafaɗa, ya ajiye shi, ya juya zai koma, sai ya ga ƙofa tana tashi. Can bayanmu Simo ya faɗi, harsashi ya same shi a ƙugu, yana ɗaga hannu.

Matuƙin jirgin Dipita ne, dogon mutumin gaɓa, ɗan masunta, mai tafiya ba takalmi a jirgi da sarƙar azurfa a wuya. Takam ya yi kansa.

"Sauke ƙofar."

"Ruwa na tafiya, Saje."

"Ƙanena ne. Sauke."

"Ko ubanka ne," in ji Dipita, bai ko dube shi ba, hannunsa kan sitiyari. "In na ƙara jira, dukanku nan za ku ƙare."

Mu huɗu muka danne Takam a ƙasan jirgi. Na sha jin masu cewa Dipita ya yi daidai, ya ceci mutane da yawa, har da ni mai magana. Mai yiwuwa haka ne. Amma ni na ji "ko ubanka ne" da kunnena, kuma na ga fuskarsa lokacin da ya faɗa, kamar mai korar yara daga bakin shago. Daga ranar ban ƙara gaishe shi ba.

Aka nemi izinin komawa ɗauko gawa, manya suka ce rafin yana hannun 'yan fashi, a jira. Aka naɗe tuta za a aika gida. Kafin a aika, sai ga uwarsu, Mama Makuate, ta sauko daga tudu da kwandon koki, alalen waken garinsu, a ka, ta zauna a ƙofar sansani. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, hannuwanta duk kanta saboda noma. Laftana ya fito da kansa ya miƙa mata tutar da hannu biyu. Ta dube ta, ta dube shi.

"Ɗana, wannan zan zuba wa manja?"

Laftana bai gane ba, amma Takam ya sunkuyar da kai. A wurinsu mamaci yakan yi 'yan shekaru a kabari, sannan a ɗauko kansa a kai ɗakin gida, a binne a kusurwa kusa da na kakanni. A nan ake zuba masa manja da gishiri, a nan ake gaya masa an yi haihuwa ko an yi rashi. Wanda kansa bai zo gida ba, ba mai yi masa magana har abada.

Ta raba mana kokin, kowa ta sa masa a hannu. Da ta zo kan Takam ta riƙe nasa ba ta saki ba.

"Kai ka ɗauke shi daga gona ka kai shi ruwa," ta ce. "Ban hana ba. Na share masa wuri kusa da ubanku. Ka kawo min kansa, ban tambaye ka komai ba bayan wannan."

"Zan kawo, Mama."

"Kada ka zo min gida sai da shi."

Matsalar ita ce ba wanda ya san wurin. Ni ina can ranar, amma in ka kai ni rafi goma zan rantse maka kowanne shi ne. Mai kula da inji kansa na ƙasa bai ga komai ba. Dipita kaɗai ya san inda ya sauke ƙofa, shi da ya girma yana zuba taru a waɗannan lunguna. Takam kuwa ya ce gara harshensa ya ruɓe da ya yi wa mutumin magana, saboda haka ni aka tura.

Na same shi a rumfar mai bammi, ya miƙe ƙafa kan benci, yana cin gasasshen kifi da miyondo, ƙullun rogon da suke dafawa a ganye.

"A'a, buhun rogo," ya ce. "Wa ya sauke ka a nan? Zauna, mola, ɗan'uwa, ka ci kifi ka ji yadda abinci yake."

"Ban zo cin kifi ba. Saje na son ka kwatanta mana wurin."

"Wane wuri?"

"Ka fi ni sani."

Ya cire ƙaya daga baki ya ajiye a gefen faranti. "Ku mutanen ƙasa kuna tsammani rafi titi ne, a ce bi nan, in ka ga shagon tela ka karya dama. Ba a kwatanta wurin da baki. Ranar da aka kori ɓarayin nan zan kai shi da kaina, in nuna masa da yatsa."

"In ruwa ya riga ya tafi da shi fa?"

"Bai tafi da shi ba." Ya ture farantin gefe. "Ina ja da baya na gan shi. Ya ja jiki ya kama saiwa, ya cire maɗaurin bindigarsa ya ɗaure kansa da ita ta ƙirji. Ɗaurin ƙwarai ya yi. Yana nan inda yake."

"Ka gan shi yana ɗaurewa?"

"Na gani."

"Kuma ka ci gaba da tafiya."

"Kai ma ka ci gaba da tafiya, mola, cikin jirgina. Gaya wa Sajenku in yana jiran in ba shi haƙuri, ya nemi kujera. Ko gobe aka sake, haka zan yi."

Na kai wa Takam maganar ba ragi. Yana zaune yana goge bindiga, bai daina ba har na gama. Simo ya san ruwa zai dawo, ya san ba mai zuwa, abin da ya rage masa kawai shi ne ya tsare kansa a wuri ɗaya don yayansa ya same shi. Wannan ne ya fi ƙona Takam, ni ma shi ya fi ƙona ni.

"Ondoa," ya ce, "ranar da ya nuna min wurin, zan kwance ƙanena daga saiwar nan. Maɗaurin ba zai zauna haka kawai ba, Dipita zan ɗaure da shi."

"Na ji, Saje."

"Za ka hana?"

"Ni zan riƙe maka ƙafafunsa."

Damina ta shigo ta fita. Takam ya rame, bai je gida hutu ba tunda an ce kada ya zo. Kullum a layin abinci yana bayan Dipita ko gabansa, ba gaisuwa ba zagi. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Dipita, sai na ga Takam ya je ɗakin magani yana tambaya ko da sauƙi. Mai ba da magani har ya ce min Sajenku mutumin kirki ne. Na ce masa sosai ma.

Da aka tashi komawa, manya sun yi hankali. An kawo mana sabon Laftana, aka kuma sake dabara. Manyan jirage za su toshe bakin kogi. Mu za a zagaya da mu ta wani rafi na baya, mu ratsa dajin laka da ƙafa mu faɗa wa sansanin ta ƙeya, in ɓarayi suka ruga cikin kwalekwalensu masu inji sai su faɗa hannun agwagi. Da safe muna shiga jirgi Dipita ya tsayar da ni a ƙofa.

"Gaya wa mutumin naka, in kun gama, a hanyar komawa zan biya da shi. Ya zo da abin zubawa."

Takam ya riga ya zo da shi. Farin ƙyalle ne, a naɗe cikin rigarsa tun watanni.

Aikin ya yi kyau, ba zan ja shi ba. Mun sha laka har wuya, sauro ya ci rabonsa, muka fito musu ta bayan rumfar girki suna tsakiyar dafa shinkafa. Waɗanda suka tsaya sun kwanta, waɗanda suka gudu muka jiyo igwa tana karɓarsu a bakin kogi. Muka kwance mutanen da suka kama. Muna cikin haka sai muka ji harbi ta bayanmu, wajen da muka bar jirgi. Ashe wasu ɓarayi sun ɓalle ta can sun ci karo da shi. Mai rediyo ya saurara ya ce jirgi ya fita, ruwa ya kusa ƙarewa a rafin, ba za su dawo ba sai ya cika. Matuƙi, wato Dipita, ya faɗa waje lokacin harbin, mai inji ya karɓi sitiyari ya ja baya.

Wato dokarsu ta bi ta kansa. Na dubi Takam.

"Wa zai je ya duba shi?" in ji sabon Laftana, wanda bai san komai ba.

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Takam. "Ni da Ondoa mun isa."

Muka same shi a gefen rafi, ya nutse har ƙugu, farar rigarsa ta koma baƙa. Ruwa ya janye sarai, laka kawai take sheƙi a rana, ƙananan ƙaguwa suna yawo kewaye da shi. Da ya hango mu ya yi dariya.

"Buhunan rogo. Yau dai na yi murnar ganinku. Ku jefo igiya."

Kowannenmu yana da igiya a ɗamara saboda irin wannan. Takam ya kwance tasa, ya naɗe ta a hankali, ya rataya a wuya. Ya zaɓi wata saiwa mai kauri daidai saitin Dipita, ya hau ya zauna, ya ciro bobolo, dafaffen rogo na cikin ganye, daga aljihu ya fara warware ganyen.

"An harbe ka?" na tambaya.

"Shafa ta aka yi a cinya. Ba na ma jin zafi. Saje, igiyar."

Na duba, ban ga jini ba ko ɗigo. Mu sojan ƙasa da jini muke auna rauni: in ya jiƙe riga a gaggauta, in bai fito ba mutum zai iya jira. Raina ya kwanta, na nemi tawa saiwar na zauna.

Takam ya gutsuri bobolo ya tauna. Karon farko ke nan da ya yi wa mutumin magana tun waccan rana.

"Yaya wurin? Da daɗi?"

"Saje, wannan ba wasa ba ne."

"Ban ce wasa ba ne. Tambaya nake. Ni ban taɓa zama a ciki ba ina kallon jirgi na tafiya, shi ya sa nake son in ji daga bakin wanda ya sani."

"To na ji. Ka rama. Fito da ni."

"Ban fara ba tukuna. Ruwa zai dawo, ko? Kai ne malamin ruwa. Ta ina yake fara taɓa mutum?"

Dipita ya dube ni. "Mola, yi masa magana."

"Kai ka ce ya nemi kujera," na ce. "Ga shi ya samu."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin faɗin haka. Watanni ina ɗauke da maganar a baki.

Da farko bai roƙa ba. Ya yi ta kawo hujja, ya ce mutum nawa ne a jirgin ranar, ya ce da ya tsaya da yanzu uwaye da yawa ne ke share kusurwa ba ɗaya ba. Ya ce mai inji ma da ya bar shi yau daidai ya yi, in sun haɗu zai saya masa bammi. Takam ya bar shi ya gama.

"Ba wannan nake so ba," ya ce. "Sunansa nake so ka faɗa. Ka san sunansa?"

"Na sani."

"Faɗa."

"Simo."

"Me ka ce min da na ce ƙanena ne?"

Dipita ya kau da kai.

"Ondoa, tuna masa."

"Ko ubanka ne," na ce.

"Bakina ne ya yi zafi," in ji Dipita. "Ana harbi, Saje. Wannan kam bai kamata in faɗa ba. Amma jirgin, ko yau…"

"To zauna," in ji Takam. "In ruwa ya kawo maka nan," ya taɓa ƙirjinsa inda maɗauri zai bi, "zan jefo igiya. Ba zan bar ka ka mutu a nan ba, kada ka damu, ina da aiki da kai. So nake ka gan shi yana zuwa."

Muka zauna. Rana ta take, laka tana wari. Dipita ya rage magana. Can ya ce yana jin ƙishi, Takam ya sha ruwan gorarsa a gabansa ya rufe. Can kuma ya ce yana jin sanyi. Na yi dariya, don gumi ne ke zuba daga hulata.

"Sanyi a wannan rana? Agwagwa, sake wata dabarar."

Ya jingina hannuwansa kan laka, ya ɗora haɓa a kai, yana kallon bakin rafi kamar mai jiran mota.

Ruwan ya dawo a hankali, siriri, yana cika ramukan ƙaguwa ɗaya bayan ɗaya. Takam ya daina tauna, ya miƙe zaune, idonsa ya kafe. Ruwan ya iso wurin Dipita, ya zagaye ƙugunsa, ya fara sassauta lakar da ta matse shi. Sai na ga launin ruwan ya canja. Ja ya taso daga ƙasa, ya bazu kewaye da shi, ya yi faɗin tabarma, kuma bai daina tasowa ba. Duk zaman nan da muka yi, jinin ƙasa yake bi, laka tana shanyewa.

Takam ya jefa igiya. Ta faɗi kan hannun Dipita, yatsunsa suka motsa, ba su kama ba. Takam ya faɗa lakar da ciki, ya ja jiki ya isa gare shi, ya zarga masa igiyar a hammata, ni ina ja daga kan saiwa har fatar tafina ta saluɓe. Da muka fito da shi muka ga ramin, a cikin cinya ta sama, ba shafa ba ce. Takam ya cire ɗamararsa ya ɗaure sama da wurin, ya murɗa da kuben wuƙa har fatar ta yi ƙara. Leɓen Dipita ya riga ya yi fari.

"Ina wurin?" Takam ya riƙe fuskarsa da hannu biyu. "Dipita. Dube ni. Ina wurin?"

"Inda rafi ya rabu biyu," ya ce, da ƙyar ake ji. "Ka bi hagu."

"Wane rafi? Wanne?"

"Akwai itace… ya karkata."

Na ɗaga kai na duba. Gaba da baya, dama da hagu, itatuwa ne, kuma ban ga wanda bai karkata ba.

"Wane itace? Faɗa min sunan rafin, don Allah. Don Allah, mola."

Ban taɓa jin Takam ya roƙi kowa ba sai ranar. Dipita ya buɗe ido ya dube shi, kamar zai yi dariya.

"Na gaya muku," ya ce. "Sai na nuna."

Daga nan numfashinsa ya ɗauke. Takam ya jijjiga shi, ya mare shi, ya zage shi da yarensu, ya danna masa ƙirji. Ruwa ya kawo mana gwiwa. Haushi ya cika ni, don na ga mutumin nan ya sake tafiya ya bar Simo, kuma wannan karon ba ƙofar da za a ce ya sauke.

"Bar shi nan, Saje," na ce. "Ga saiwa, ga maɗauri. Abin da ka ce ke nan."

Takam ya daɗe a durƙushe. Sannan ya kama hannun gawar ya juya ta bisa bayansa.

"Mu ba ma bari," ya ce.

Shi ya ɗauke shi har sansanin ɓarayi, bai yarda na karɓe shi ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya tambaye mu me ya tsayar da mu. Kyaftin ɗin agwagi ya zo da kansa ya yi wa Takam musafaha a gaban kowa. Daga ranar suka daina ce masa buhun rogo, in ya shiga rumfar mai bammi sai su yi rige-rigen saya masa, shi kuma ya bar ƙoƙon a cike ya fita. Aka binne Dipita a garinsu da tuta da busa, kabari mai siminti yana kallon teku. Uwarsa ta aiko wa Takam da kwandon bandar kifi da saƙon godiya. Ya ba masu gadi.

Rafukan sun zama namu yanzu, ba mai hana shiga. Duk ranar hutu Takam yakan nemi masunci da kwalekwale, ni ina gaba da sanda, mu shiga. Duk inda rafi ya rabu mu bi hagu, mu duba saiwoyi ɗaya ɗaya in ruwa ya janye. Mun samo tsohon taru, mun samo takalmi wanda ba nasa ba. Masunta suka fara gudunmu. Farin ƙyallen ya yi ta shiga ruwa yana bushewa har ya koma ruwan ƙasa.

Da aka aiko cewa Mama Makuate ba ta da lafiya, dole ya je. Ya ce in raka shi, na raka shi. Muka same ta zaune a ƙofar ɗaki an lulluɓe ta da bargo. Ta ƙofar ina hango kusurwar, an share ta tas, ga ƙaramar kwalbar manja a ajiye a gefe. Ta dubi hannuwansa kafin ta dubi fuskarsa.

"Ba ka samo ba."

"Ina nema, Mama."

"An ce min akwai mutum ɗaya da ya san wurin."

"Ya mutu."

"A ruwa?"

"A laka. Kamar Simo."

"Shi ma can aka bar shi?"

Ni na so in yi magana, in gaya mata yadda mutumin ya ɗanɗana, yadda ya faɗi sunan ɗanta da bakinsa, yadda ya zauna yana kallon ruwa na zuwa. Na ɗauka ko zai sanyaya mata rai yadda ya sanyaya nawa. Takam ya riga ni.

"A'a. An kai shi gida."

"Wa ya kai shi?"

"Ni, Mama. A bayana."

Ta jinjina kai a hankali, ta gyara bargonta.

"To madalla," ta ce. "Uwarsa ta samu nata."

Ta miƙa hannu ta jawo ƙofar ɗakin ta rufe. Ba ta ce ya shiga ba, shi ma bai nema ba. Muka tsaya a tsakar gida har wata jikarta ta kawo mana ruwa, muka sha, muka kama hanyar tasha. A mota bai yi magana ba sai da muka fara jin warin teku, sannan ya tambaye ni ko ranar Asabar ruwa da safe zai janye.